Tsohon Hoto, Sabuwar Ƙarya

Ɓarna kowa na iya yin ta. Mugun hali shi ne mutum ya yi tasa, sannan ya nemi wuyan na ƙasa da shi ya rataya masa. Wanda bai yarda ramin mugunta gajere ake haƙa shi ba, to ya saurara.

Ranar Litinin da hantsi aka kira wani Sufeton 'yan sanda zuwa sashen koyar da aikin jarida na jami'a. Babbar kyamararsu ta yi ɓatan dabo, ga baƙi masu duba ingancin karatu suna tafe ranar Alhamis.

Shugabar sashen ta tare shi tun a ƙofar bene.

"Sufeto, ba sai ka wahala ba. Mun riga mun san ɓarawon."

Ta miƙa masa wayarta. Hoton wani dattijo ne yana fitowa daga ɗakin ɗaukar shirye-shirye, da jakar kyamara a kafaɗa. A ƙasa an rubuta: Juma'a, biyar na yamma.

"Wane ne wannan?"

"Baba Waya, mai kula da kayan aikinmu. Saura wata huɗu ya yi ritaya, ka ji abin kunya. Takardar korarsa na kan teburina, sa hannu ya rage."

"Wa ya ɗauki hoton?"

"Ai kowa ya gani."

"Hajiya, ban ce wa ya gani ba. Wa ya ɗauka?"

Ta ce malamin rediyo ne ya turo mata. Malamin rediyo ya ce ɗalibai ne. Ɗalibai suka ce wata baƙuwar lamba ce. Awa guda Sufeto yana zagaye kamar jakin niƙa, har wuyan rigarsa ya jiƙe.

"Ikon Allah! Ku ne fa masu koya wa 'ya'yan mutane kada su yaɗa labari sai sun san tushensa."

Sai wani mai farin tabarau ya matso. Shi ke koyar da ɗaukar hoto da labaran intanet. Ɗalibai na kiransa Malam Tantance, don ba ya rufe baki a aji bai ce "ku tantance" ba.

"Yallaɓai, hoto ba ya ƙarya," in ji shi. "Na duba shi da kaina a kwamfuta. Ba haɗi ba ne."

"Na ji," in ji Sufeto, ya wuce.

A kan benci ya sami Baba Waya, a ƙofar ɗakin, ya rafka tagumi.

"Baba, kai ne a hoton nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Shekara ashirin da shida ina saɓa jakar nan, aikina ke nan. Amma ranar Juma'a tun ƙarfe biyu ina asibiti wajen mai ɗakina."

"Wa ke da makulli ban da kai?"

"Shugaba, sai Malam Tantance."

Sufeto ya dubi waya, ya dubi ƙofa. Ya sake duban waya. Ƙofar da ke hoton ruwan ƙasa ce. Wadda ke gabansa koriya shar.

"Yaushe aka yi wa ƙofar nan fenti?"

"Wata biyu ke nan. Ni na shafa da hannuna, saboda baƙin da za su zo."

Sufeto ya dafe goshi. Malamai goma sha ɗaya, kowa da tulin digiri, kullum ta nan suke wucewa, amma babu wanda ya ɗaga ido daga waya ya dubi katako.

Ya shiga ajin 'yan shekara ta biyu, ya ɗaga wayar sama.

"Hoton nan tsoho ne. Wa ya san asalinsa?"

Can wata ɗaliba ta ɗaga hannu a tsorace.

"Ni na ɗauka, bara. Aikin aji aka ba mu, mu ɗauko mutum a bakin sana'arsa."

"Me ya hana ki magana tuntuni?"

"Yallaɓai, malamai ne ke turawa. Wa zai ja da su ga jarrabawa ta ƙarato?"

"Wa kika ba hoton?"

"Malam Tantance kaɗai. Huɗu ma ya ba ni cikin goma, wai haske bai yi ba."

A hanyar ofishin malamin ya ci karo da mai shara, tana ta mita da tsintsiya a hannu.

"Ofis ne ko rumbu? Tun safe nake share ɗanyar shinkafa a ƙarƙashin teburinsa, tururuwa sai jerin gwano suke."

Sufeto ya tura ƙofa.

"Malam, hoton bara ne, kuma kai aka ba."

"Ɗalibai ba su da amana, Yallaɓai. Ita ta san inda ta watsa shi."

"Ka shiga ɗakin kyamara ranar Juma'a?"

"Ko kusa."

"Buhun nan fa na ƙarƙashin tebur?"

"Cefane ne. Gida zan kai. Yanzu kuma shinkafa laifi ce?"

An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tun kafin Sufeto ya naɗe hannun riga, gumi ya keto wa malamin. Sufeto ya zurma hannu cikin buhun har gwiwar hannu, ya zaro kyamara, gilashinta duk ya yi raɓa daga ciki.

Shugaba, da ta biyo baya, ta dafe ƙirji tana salati.

Malam Tantance ya zube a kujera. "Surukina ne ya buɗe otal, ya ce in ɗaukar masa talla. Na ce zan mayar kafin Litinin. Ina ja da baya a bakin wurin ninƙaya, sai santsi ya kwashe ni, na faɗa ruwa da kyamarar."

"Shinkafar fa?"

"A intanet na karanta, wai tana tsotse ruwa."

"Ka tantance?"

Wanzami dai ba ya son jarfa.

"To me tsohon nan ya yi maka?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ga ai ya kusa tafiya."

"Kai ka riga shi," in ji Sufeto. "Tashi mu je."

Shugaba ta yayyaga takardar kora a gaban Baba Waya, tana ba shi haƙuri. Dattijon ya karɓi kyamarar, ya hure ƙwayar shinkafar da ta maƙale a jikinta, ya tafi neman abin kwance ta.

Aka fito da malamin ta gaban koriyar ƙofa, ɗalibai sun yi layi, kowa ya ɗaga waya. Wannan karon hoton na yau ne.

Ga abin da ya rasa: aikin shekara tara, ofis mai sanyi, ƙarin girman da yake jira a ƙarshen zango, da tallar surukin da ta nutse tare da kyamara. Ko sunan bai tsira da shi ba. Har yau in an tuna shi a sashen, Malam Shinkafa ake cewa.