Sunan Mahaifin Malam Basiru

A ƙofar wata makarantar kuɗi da ke Yelwa ta Yauri Zulai'atu ke sayar da soyayyen kifi, kanta kullum a sunkuye. Ran nan wani dogon malami ya tsaya a gabanta.

"'Yammata, nan kike kullum in an tashi lakwal?"

Dariya ta kuɓuce mata, ta rufe baki da mayafi. "Lakwal kuma? Makaranta kake nufi? Malam, kai ba ɗan nan ba ne."

"Basiru, daga Gaya ta Nijar. Faransanci nake koyarwa. Ke fa?"

Da ƙyar ta faɗi sunanta. Daga ranar bai sake cin abincin rana a wani wuri ba.

Soyayya ta yi nisa har Baba Audu, mahaifinta, dillalin kifi, ya kira shi zaure.

"Na ji katin zamanka ya kusa ƙarewa," in ji Baba. "Ba ni ba da ɗiyata ga wanda za a iya kora gobe. Amma abin mai sauƙi ne. Hausa kake ji, salla kake yi. Akwai wanda zai yi maka takardar ɗan asalin ƙaramar hukumar Shanga, a sa sunan ƙanena a matsayin ubanka. Shi ke nan."

Basiru ya girgiza kai.

"Baba, na gode. Amma kabarin mahaifina yana Gaya. Ba zan sa hannu in ce wani ne ya haife ni ba."

"To tashi ka ba ni wuri."

Auwal mai shagon waya, wanda ya daɗe yana neman Zulai'atu tana ƙi, ya ji labarin, ya kai tsegumi ga hukuma. Ba a jima ba jami'an shige da fice suka zo makarantar. Lokacin katin ya riga ya ƙare, aka ce kada Basiru ya sake shiga aji sai ya sabunta. Ya tafi Birnin Kebbi neman gyara, 'yan unguwa kuwa suka ce gudu ya yi.

Saƙonsa ya shigo wayarta: "Hasken idona, kullum ina layi a ofis. Sun ce sai makaranta ta aiko da shaidar ɗaukata aiki. In kin gaji da jira, ba zan ga laifinki ba."

Ta amsa a hankali, harafi bayan harafi: "Malamina, kar ka sake faɗa mini haka. Ka tsaya a layinka, ni ma ina kan nawa."

Da la'asar ta ji Baba yana ce wa Inna, mahaifiyarta, yaron girman kai ne ya cuce shi. Zulai'atu, wadda ba ta taɓa ɗaga ido a gabansa ba, ta zo ta durƙusa.

"Baba, in an zo ɗaurin aure, liman zai ce Basiru ɗan wa?"

"Mi kike nufi?"

"In aka kira sunan Kawu ƙanenka, ƙarya aka ɗaura, ba aurena ba. Kuma 'ya'yana in sun tambaye ni kakansu, wa zan nuna musu?" Ta ƙara da cewa, "Wanda ya ƙi sayar da ubansa don ya same ni, ba zai sayar da ni ba. Shi zan jira, Baba."

Inna ta dafe baki. Baba ya miƙe ya fita. Sai daga baya aka ji cewa gidan mai makarantar ya nufa, ya zauna masa a zaure, ya ce ba inda za shi sai an aika da shaidar yaron nan.

Bayan sallar layya Basiru ya dawo da sabon katinsa, tare da baffansa daga Gaya. A ƙofar gidan Baba Audu, gaban jama'a, liman ya ɗaga murya: "Basiru ɗan Mamman Sani na Gaya." Aka shafa fatiha, Baba ya ce, "Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari."

Washegari da safe Zulai'atu ta karɓi wayar angonta ta kira Gaya. Da ta ji muryar tsohuwa, mahaifiyar Basiru, sai ta durƙusa a tsakar ɗaki, duk da ba a ganinta, ta ce, "Inna, ina kwana? Ɗiyarki ce ta Yauri."