Bai Tambayi Dalilin Kukana Ba

Ina kuka a cikin motarsa, shi kuwa gogan ya kafa wa sitiyari ido kamar ba mutum a gefensa.

Saura wata guda bikinmu. Da safen nan likita ya ce ƙodar Baba ta kusa daina aiki, na fito asibiti na kira wanda zan aura don in faɗa masa. Ina shiga motar kuka ya ƙwace min, ko kalma ɗaya ban iya furtawa ba.



Sai da na gaji na yi shiru, sannan ya juyo da wani murmushi.

"Yawwa, abar ƙaunata... haka nake son ganinki, a natse."

Na san wannan muryar.

Cibiya ɗaya muke aiki, inda ake kula da yara masu matsalar ɗabi'a. Ni ke zama da yaran a kan tabarmar roba, su cije ni, su watsa min ruwa. Shi kuwa Dakta, kamar yadda ya tilasta kowa ya kira shi, yana ofis mai sanyi yana rubuta bincike a kansu. Akwai dabarar da muke koya wa iyaye: idan yaro na birgima don a kula shi, a kau da kai, in ya natsu a yaba masa. Da wannan muryar ake yabon.

Ashe gaskiyar yayata ce. Tun farko ta ce mutumin da ba ya fushi, ba ya rarrashi, a bincike shi. Na ce ba ta san wayewa ba. Ita ma mataimakiyarsa, mai kwarkwasar nan da ke neman gurbina, ta taɓa ce min cikin dariya wai Dakta ya ce ya kusa gama saita ni. Na ɗauka baƙin ciki ne kawai.

Na share fuskata, na tambaye shi ko dabarar yara yake gwadawa a kaina. Ko kunya bai ji ba. Har gyara zama ya yi, ya shiga yi min lacca: wai kukan mata yawanci neman kulawa ne, in ya saba min da rarrashi tun yanzu, gidanmu ba zai zaunu ba. Wai don so yake yi.

Na dube shi sama da ƙasa, shi da gilashinsa da digirorinsa. Wallahi a lokacin raini ne ya cika min zuciya, ba ɓacin rai ba.

"Dakta, mene ne matakin farko kafin a kau da kai daga kukan yaro?"

"A gano dalilin kukan mana," ya faɗa da gadara.

"Ka gano dalilin nawa kukan?"

Ban jira amsarsa ba, na ɗora.

"Baba ne a kwance. Ƙodarsa..."

"Masoyiyata, ai da kin faɗa..."

"Da ka tambaya."

Na zare zobensa na ajiye masa a kan kujera. Ya riƙo gefen mayafina yana in-ina, mutumin da ke cika ɗakin taro da surutu. Na fizge na fita.

A asibiti Baba ya ga idanuna, da robar ƙarin ruwa a hannunsa, da ƙyar yake numfashi.

"'Yata, me ya same ki?"

Nan na durƙushe a gefen gadonsa, na yi kukan har na ƙoshi.