Maman Ummi da Lakcar Teku

Maman Ummi na tsaye a kicin tana yanka albasa wayarta ta yi ƙara. Ta goge hannu a zani, ta kara a kunne, can sai ga wuƙa ta suɓuce ta faɗi ƙasa.

"Abban Ummi! Fito, ni suka zaɓa!"

Mijinta ya fito da gudu, riga a hannu. Shekara da shekaru ke nan tana bin jirgin bincike cikin teku, tana ɗebo ruwa da laka daga can ƙasa, tana nazarin ƙananan halittun da kifi ke ci da yadda ɗumin ruwa ke kashe su. Yau ƙungiyar masana teku ta zaɓe ta ta gabatar da lakcar girmamawa, wadda ake ba mace ɗaya a shekara tare da lambar yabo. Abban Ummi ya sure ta sama kamar yarinya.

"Sauke ni, warin albasa nake!"

"Ni da na aure ki kina warin laka? Yau ko warin kifi kike ba na sauke ki!"

Murnar ba ta je ko'ina ba. Ƙungiyar ta saka hotonta a intanet, tana kan jirgi cikin rigar aiki da takalmin roba, ga ma'aikata maza hagu da dama. Yaya Babba, yayar Abban Ummi, ta jefa hoton a gurup ɗin dangi. Washegari da hantsi ta iso gidan tare da Hajiya, mahaifiyarsu. Ko ruwan da aka kawo ba su kalla ba.

"Dubi nan!" Yaya Babba ta dangwara wa Abban Ummi waya a fuska. "Matar aure ce wannan ko matuƙin kwale-kwale? Ta tsallake 'ya ta tafi hira da kifaye, kai kuma an mai da kai ɗan raino, har tsifar kai kake yi! Dangi dariya suke mana!"

"Yaya, aikina ne," in ji Maman Ummi. "A kansa ya same ni."

"Rufe mini baki! Da ƙanina nake!"

Hajiya ta ɗaga hannu.

"Magana ɗaya ta kawo ni. Ba za ta yi lakcar nan ba. Yau a tafa mata, gobe a ƙara tura ta tsakiyar ruwa. In ka bar ta ta je, kada ƙafarka ta ƙara taka ƙofata."

Abban Ummi ya sunkuyar da kai. "To, Hajiya."

Suna fita Maman Ummi ta juyo kansa, idonta jawur.

"To? To ka ce?"

"Uwata ce fa! Me kike so in yi?"

"Na ce ka zage ta ne? Yayarka ta tsaya a falona ta yi mini kallon 'yar iska, kana zaune kamar an ɗinke maka baki! Kai ne ka raka ni tashar jirgi ranar tafiyata ta farko bayan aurenmu. Kai ka ce in je, kana bayana. Ashe can nesa kake nufi!"

"Sori mana, ki saurare ni—"

"Riƙe sorinka!"

Ta shige ɗaki ta banko ƙofa, har ƙaramar 'yarsu Ummi ta fashe da kuka a tsakar falo.

Gidan ya koma kamar gidan haya. Ta dafa, ta ajiye, ta wuce. Ya ci, ya gode wa bango. A ɗakin gwaji wata abokiyar aikinta ta iske ta zaune gaban kwalaben ruwan teku tana share hawaye.

"Haba Dakta! Ki yi tafiyarki mana, wa zai kama ƙafarki? Irin wannan dama ba ta dawowa."

"Na sani. Jinina tafasa yake, wallahi. Amma ba zan raba ɗa da uwarsa don a tafa mini ba. In na karɓo lambar, a wane gida zan rataye ta?"

Shi kuwa Abban Ummi kunya ta hana shi sakat. Ranar da kwamitin ƙungiyar ya sake kira yana neman amsa, ya ji ta ce musu su ƙara mata lokaci, ba ta ambaci sunansa da sharri ba. Ya ɗauki makullin mota.

"Sa mayafinki. Na yi shirun da bai kamata ba, yau zan yi magana."

Suka iske Hajiya a kan tabarma, Yaya Babba a gefe. Ya durƙusa.

"Hajiya, umarninki na bisa kaina. Amma Yaya, ke kam kin zalunce mu! Matata ba ta taɓa taka jirgi ba sai da izinina. Rainon 'yata kuma ba abin kunya ba ne, ni na haife ta! Kika ɗauki hoton mace tana neman halal kika watsa don a yi dariya. Wallahi ba zan ƙara zama a ci mutuncinta ina kallo ba!"

"Ni kake ɗaga wa murya? An shanye ka!" in ji Yaya Babba.

"Fita ki ba mu wuri," in ji Hajiya. Yaya Babba ta figi jaka ta fice tana huci.

Maman Ummi ta matso ta durƙusa. "Hajiya, in kin ce kada in je, na haƙura. Ki dai faɗa mini laifina."

"Laifinki?" Hajiya ta miƙe zaune. "Lokacin da aka yi guguwar nan kina cikin teku, wayarki ta daina shiga, wa ke riƙe da Ummi? Ni! Yarinya na zazzaɓi tana kiran Mama, ni ina kallon talabijin ana nuna igiyar ruwa ta fi gidan sama. Abinci ya ƙi wuce mini wuya. Na riga na fara tunanin yadda zan gaya wa marainiya! Sai ga ki kin dawo da tsaraba kina dariya, ko ki ce Hajiya yaya kika ji. Ni hotonki bai dame ni ba. Gawarki nake tsoro!"

Fushin da Maman Ummi ta ƙunso ya zube. Ta kifa kai a gwiwar tsohuwar, suka yi ta kuka tare.

"Ki yafe mini, Hajiya. Ban san haka kike sona ba. Aikin ba zan iya bari ba, amma ba zan ƙara tafiya ba sai na zo kin sa mini albarka. Zan kai ki ki ga jirgin da idonki, ki ga shirin kare rayuka da ake yi."

Hajiya ta share ido da bakin mayafi. "Ku tashi ku ba ni wuri. Ki ce wa mutanen kin amsa."

Ranar lakca zauren ya cika maƙil. Abban Ummi na layin gaba, Hajiya a gefensa da jika a cinya, ta ce wai riƙon yarinya kawai ya kawo ta. Maman Ummi ta yi bayanin ƙananan halittun nan, ta nuna yadda mutuwarsu ke korar kifi daga ragar masunta. Hajiya ba ta gane ko rabi ba, amma ko ƙifta ido ba ta yi. Da aka miƙa lambar, zaure ya tashi tsaye, Abban Ummi na tafi hawaye na bin gemunsa.

Wata mata a baya ta taɓa kafaɗar Hajiya. "Baba, kin san ta ne?"

Hajiya ta juyo ta kalle ta sama da ƙasa. "'Yata ce. Ki tafa da kyau."

Wannan ya isa darasi. Ba kowane faɗan iyaye ne ƙiyayya ba, wani tsoro ne ya rasa hanyar fita. Mace ta yi haƙuri ba tare da ta binne baiwarta ba, miji kuma ya sani biyayya ga uwa ba ta hana shi kare mutuncin matarsa.