Shirun Manhajar Ban-Ruwa

Ranar da Wilmer Cabascango ya fara ganin Yadira, ta shigo ofishin gona ne da takalmin roba duk laka, tana faɗa tun daga ƙofa.

"Kai ne mai gyaran? To ga ta nan, ta sake mutuwa!"

Manhajar ban-ruwa da ke kwamfutar ofis take nufi. Baƙin allo ne kawai da fararen rubutu, amma ita ke buɗe famfunan rumfunan leda inda mahaifinta, Don Aurelio Farinango, yake noman furen wardi a gefen garin Cayambe. Da zarar wani kuskure ya faɗo mata, sai ta rufe kanta, Yadira ta baro yankan fure ta zo ta sake kunna ta.

Wilmer ya buɗe baki zai yi bayani, ya kalle ta, bayanin ya gudu. Ni da na san shi tun yana rarrafe, ban taɓa ganin bakinsa ya mutu haka ba.

"Ba za ki ƙara wahala ba," ya ce da ƙyar.

Masu rubuta manhaja sukan ɗaura wata raga ta ƙarshe, mai cafke duk kuskuren da ya kuɓuce. Aikinta ta rubuta inda aka samu matsala, ta sanar, sannan ta rufe manhajar cikin tsari. Shi kuwa gogan naku, don ya burge yarinya, sai ya ɗaura ragar da za ta cafke ta haɗiye, ba rubutu ba sanarwa. Allo ya daina mutuwa, Yadira ta fara kawo masa biskit ɗin garinmu da cuku mai zafi, daga nan kuma sai saƙonni.

"Mai Baƙin Allo, me ka yi wa kwamfutarmu? Ko tari ba ta yi."

"Na ce mata Sarauniyata ta gaji da zirga-zirga."

"Daɗin baki! To ni me ka yi mini da nake ta duba waya?"

Don Aurelio bai ji daɗin wannan lamari ba ko kaɗan. Idonsa yana kan Injiniya Patricio, wani ɗan birnin Quito mai farar mota da ke son sayar masa da sabon tsarin ban-ruwa, yana kuma son Yadira a kan ciniki.

"'Yata, Wilmer ɗin nan bai taɓa sa hannu a ƙasa ba," in ji shi. "Amma shi ke nan. Idan furannin Ranar Iyaye Mata suka kai yanka lafiya a hannun na'urarsa, ya turo magabatansa."

Ana saura kaɗan yanka, Yadira ta shiga rumfar da ke can ƙarshen gona, ta tarar furanni sun sunkuyar da kai, ƙasa ta bushe ƙayau. Ta ruga ofis. Allo yana nan a kunne, shiru, kamar komai lafiya. Ashe ɓangaren da ke buɗe famfunan ya daɗe da faɗuwa, ragar Wilmer ta haɗiye labarin.

Wilmer ya zo ya zauna gaban kwamfutar, ya rasa ta inda zai fara. Babu layi ko ɗaya da zai nuna masa me ya faru, ko yaushe, ko a ina, domin da hannunsa ya hana a rubuta. Ya duba nan, ya duba can. Patricio ya jingina da ƙofa yana wasa da makullin mota.

"Don Aurelio, ai na faɗa maka. Kayan yara sai yara."

Wilmer ya tashi ya fita, kunya ta hana shi kallon kowa. Daga ranar ya kashe bakinsa, waya ma ya daina ɗagawa.

"Mai Baƙin Allo, kana ina?"

"Wilmer, ba furannin nake tambaya ba, kai nake tambaya."

"Guduwa ka yi ka bar ni da Baba?"

Yadira da mahaifiyarta, Doña Zoila, suka koma jan tiyo da hannu, rumfa bayan rumfa, tana ban-ruwa tana kuka. Tausayinta ya kama ni matuƙa, don ba ta da abin yi: ba ta iya gyara manhaja, ba ta iya tausar mahaifinta, wanda take so kuma ya yi mata shiru. Da abin ya ishe ta, ta hau bas har gidan su Wilmer. Ta same shi a tsakar gida, ya rame, ya zuba wa kaji ido.

"Na ɗauka kin tsane ni," ya ce.

"Da ka ɗaga waya ai da ka ji. Kuskuren bai ƙona mini rai ba kamar shirun nan naka. Tashi mu je."

Ya je ya tsaya gaban Don Aurelio, hula a hannu.

"Don Aurelio, laifina ne. Na hana manhajar yin ƙara don a ce na iya. Har yanzu ban san abin da ya kayar da ita ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Ka bar ni in sa ta riƙa faɗa."

Tsohon ya kauce daga ƙofar ofis ya ba shi hanya.

Wilmer ya sake ɗaura ragar yadda ya kamata: ta rubuta inda aka faɗi, ta aika saƙo wayar kowa, ta kaɗa ƙararrawa, ta rufe, ta tashi sabuwa. Bayan haka babu abin da ya rage sai jiran kuskuren ya dawo da ƙafarsa. Ya karɓi tiyo daga hannun Doña Zoila, tafin hannunsa ya yi bororo, kunnensa kullum yana ofis.

Wata rana da hantsi ƙararrawa ta ɓarke. Suka ruga gaba ɗaya har da kare. A allo ga bayani ɓaro-ɓaro: na'urar auna danshi ta rumfar ƙarshe ta turo saƙon da babu komai a cikinsa. Suka bi wayarta, suka tarar ɓera ya gwaguye ta.

Rumfa guda ta riga ta tafi, wannan babu mai dawo da ita, kuma sharaɗin Don Aurelio ya karye. Yadira ta riƙe hannun mahaifiyarta.

"Na ce idan furanni suka kai lafiya," in ji tsohon. "Ba su kai ba. Amma ka dawo ka faɗi laifinka a gaban idona. Turo magabatanka."

Suka zo da kwandunan burodi, ayaba da gasassun kaji, kamar yadda muke yi. Aka ɗaura aure a cocin unguwa, aka ƙawata shi da wardin da ya tsira. Da ango da amarya suka durƙusa neman albarka, Don Aurelio ya ɗora hannu a kansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Kai kuma ɗana, duk ranar da wani abu ya lalace a gidanku, ka faɗa mata tun yana ɗanye."

"Zan faɗa, Baba."

Muka amsa da amin, Doña Zoila tana share hawaye da gefen mayafinta.