Tambarin da Dalhatu Ya Zana a Toka

Duk wanda ya san Dalhatu a Gumel ya san yana da hannu, baki ne Allah bai ba shi ba. Zanen tambari yake yi a kwamfuta, 'yar alamar nan da kamfani ke mannawa a kayansa don a gane shi. Ka ba shi sunan shagonka da safe, kafin la'asar zai fito maka da abin da kai kanka za ka rantse na wani babban kamfani ne a Kano. Amma da an ce masa "Nawa ne?" sai ya hau sosa ƙeya.

"Haba Alhaji, duk abin da ka ga dama."

To, wane ɗan kasuwa ne zai ga damar da yawa? Alhaji Abdulganiyu mai ruwan leda, wanda tambarinsa ke yawo a jikin motoci har Damagaram, jaka uku ta ruwan ya aiko masa da katin waya.

Matarsa Khairiyya ta faɗa har ta gaji. "Baban Jannatu, ka yanka kuɗinka tun kafin ka kunna kwamfutar. Wanda bai yarda ba ya ƙara gaba."

Da ya bi wannan shawara, da yau babu labari. Sai dai Dalhatu ba dubu hamsin ɗin da aikinsa ya cancanta yake so ba. Miliyan yake so, kuma a miƙo masa ba tare da ciniki ba. Kunya da kwaɗayi suka haɗu a ciki ɗaya, suka kai shi wurin boka Ɗantala, a wani kufai da ke bayan Gagarawa.

Da tsakar rana ya isa, ana kiran azahar a ƙauyen da ya wuce, bai tsaya ba. Bukkar kara ce a gindin busasshiyar kuka. Waje rana na ƙuna, ciki kuwa sanyi kamar bakin rijiya. Ƙahonin shanu ne jere a ƙasa, kowanne an toshe bakinsa da jan ƙyalle. A tsakiya wata babbar ƙwarya ce a kife, tana ɗan motsi ba wanda ya taɓa ta. Gefenta murhu ne cike da toka, da ƙarfen da ake yi wa shanu lalas. Ɗakin na ƙaurin ƙonannen gashi.

"Mai ɗakin nan yana da dukiya," in ji Ɗantala, yana nuna ƙwaryar da haɓa, "amma ba shi da lamba. Kai kuma zane ka iya. Zana masa."

Dalhatu ya ɗauki ƙarfen ya ɗora a toka. Hannunsa ya tafi da kansa: layi uku, da ɗan lanƙwasa a ƙarƙashinsu. Ƙwaryar ta daina motsi.

"Ya karɓa. Ka riƙa ɓoye ta a cikin kowane tambari, 'yar mitsitsiya. Daga yau duk kuɗin da ka faɗa, ba mai taya ka."

"Ni kuma me zan biya, Baba?"

"A nan ba ma yanka wa mutum. Kai za ka faɗa. Abu ɗaya, ka sa masa iyaka."

Dalhatu ya sosa ƙeya.

"Rago ne? Sa ne? Yatsanka ne? Yaro, buɗe baki ka yi magana!"

"Duk abin da ya ga dama, Baba."

Boka da kansa sai da ya ja da baya. Sannan ya ce a hankali, "Ka sallama?"

"Na sallama."

Aiki ya ci. Mai injin casar shinkafa ya tambayi kuɗin tambari, Dalhatu ya rufe ido ya ce miliyan biyu, kafin ya buɗe kuɗin sun shigo wayarsa, har da godiya. Masu fitar da riɗi a Maigatari suka yi masa layi. Cikin shekara ɗaya ya gina gida, ya sayi mota. Sai kuma ya ce ai kunya ce mai yi wa mutane tambari ya zauna ba nasa. Ya zana nasa mai kyau, lambar nan na kwance a tsakiya, ya buga shi a ƙofar gida, da motar, da kwalaben turaren wutar da Khairiyya ke sayarwa, da babur ɗin ƙanensa Sa'idu, har da jakar makarantar 'yarsa Jannatu.

Sa'idu aka fara ɗauka. An same shi zaune a inuwar aduwa kan hanyar Sule Tankarkar, babur a jingine, ba rauni, ba rai. Masu wankan gawa suka ga layi uku a ƙone a kafaɗarsa. Bayan arba'in Khairiyya ta fara cewa tana jin ƙauri. Ta wanke gida, ta sake wankewa, ta kankare bango har faratanta suka cire. Daga baya ta haukace, sai da aka ɗaure ta da igiya.

Dalhatu ya ji tsoro, amma bai daina karɓar aiki ba. Ran wata Alhamis ya je Maigatari kai zane, ya ajiye mota kusa da kara, inda ake cinikin shanu. Wani tsohon dillalin shanu ya tsaya, ya ƙura wa tambarin da ke jikin motar ido, ya sa yatsa daidai kan layukan nan da ba wanda ya taɓa lura da su.

"Samari, garken wa ke nan? Shekarata hamsin a kasuwar nan ban san wannan lamba ba."

"Ado ne kawai, Baba."

"Ba a yin lamba don ado. Abin da aka sa wa lamba yana da mai shi, kuma duk ranar da ya so zai zo ya kora abinsa."

Jannatu ce ta faɗo masa a rai. Ko zanen bai kai ba, ya juyo Gumel a guje. Ya kankare ƙofa da wuƙa, ya farfasa kwalabe, ya zazzage littattafan yarinyar ya cinna wa jakar wuta. Yana tsaye yana haki sai ga ta ta fito, shekararta tara, ita ce ta gado hannunsa.

"Baba, don ka ƙona ba komai, ai na iya. Ka gani? Da lalle na yi."

Ta buɗe tafin hannunta. Lallen ya kama ja wur, ba layin da ta kuskure.

Ya wanke da sabulu, ya goga da toka da lemon tsami har yarinyar ta yi kuka. Lalle kuwa ba ya fita sai ya ga dama. Washegari ya zube gaban Ɗantala, kuma a ranar ne bakinsa ya buɗe.

"Ya ɗauki gidan! Ya ɗauki motar! Ga hannuna na dama, a yanke!"

"Yau ka iya yanka farashi?" in ji boka. "Kafin aiki ake faɗa. Sau uku na tambaye ka."

Ran Juma'ar da ta zagayo aka kai Jannatu makwancinta, lallen bai ko fara dusashewa ba.

Masu tambarin su ma ba su tsira ba. Injin shinkafa ya ƙone, motocin riɗi suka riƙa kifewa, mutane suka gane inda abin ya fito, aka watse masa. Yau in ka bi ta bakin kasuwar Gumel za ka gan shi cikin tsumma, yana zane a ƙasa da tsinke yana gogewa. Ba ya bara. Duk wanda ya gifta sai ya ɗaga kai ya ce masa, "Dubu hamsin ne, Alhaji. Dubu hamsin." Ba mai tayawa.

Kai mai sana'a, ka ji tsoron Allah, ka san darajar guminka, ka faɗe ta da bakinka, ka ci halalinka ko kaɗan ne. Wanda kwaɗayi ya kai shi neman abin da ya fi haƙƙinsa a bukkar boka, ba shi zai zaɓi abin da za a ɗauka a gidansa ba.