Kulkin Roba a Kan Gada

Cleon Rembert ya fasa wa jarumin fim leɓe a gaban kyamara, kuma ba abin da ya jawo haka sai kishi.

A layin masu neman fitowa a fim ya fara ganin Arnetta. Fim ne kan tattakin neman 'yancin jefa ƙuri'a da kakannin baƙaƙen fatar garin nan na jihar Alabama ta Amurka suka yi, 'yan sanda suka tare su a kan gada suka lakaɗa musu duka. Ita mai gyaran gashi ce, shi bakanike. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce kamar da madara aka wanke shi. Tun daga ranar sunansa ya koma Madara.

Masu fim ma haka suka gani. Kakansa yana cikin waɗanda aka doka a gadar, amma suka ce ya cika haske, in ya fito cikin masu tattakin 'yan kallo za su rikice. Ko ya sa kakin ɗan sanda, ko ya koma gareji. Ya so ya koma ɗin, sai dai an zaɓi Arnetta ta fito a matar jarumin, wani Desmond ɗan Atlanta mai fararen haƙora, kuma aikinta riƙe hannunsa ne daga safe har yamma. Cleon ya karɓi kakin.

Ya tura mata saƙo: "Zumata, dole sai ya murza miki yatsu? A tarihin ma akwai murza yatsu?"

Ta amsa: "Madarata, aron hannu kawai ya yi, nasa ma duk gumi. Je ka ci abinci."

Kaka Ozella, wadda ta raini Arnetta, har yau tabon gadar yana goshinta. Da ta ji ya sa kaki, ta ce kada ya sake taka mata baranda. Ranar Lahadi ya wuce ta ƙofar, ya hango Desmond a kujerar da shi Cleon yake zama, yana cin soyayyiyar kazar da aka saba ajiye masa.

Ranar ɗaukar fim a kan gada aka koya musu aikin. Kulkin roba ne, ka tsayar da shi kafin ya kai fuska, jarumi zai faɗi da kansa. Ana shirin farawa Desmond ya sunkuya ya raɗa wa Arnetta magana, ta yi murmushi.

Cleon bai tsayar da kulkin ba.

Aka kore shi nan take. Arnetta ta same shi a gareji, ido jawur.

"Ka san abin da ya raɗa min, sarkin kishi? Cewa ya yi: saurayinki yana dab da kuka, ki aure shi mu huta."

Ya je asibiti ya ba Desmond haƙuri, daga nan ya tsaya a ƙasan barandar Kaka, hula a hannu. Ta dube shi daga keken guragunta.

"Kakanka ne ya ɗauko ni daga gadar nan," in ji ta. "Fari ne kamarka. Ranar da za a doke shi ba wanda ya rikice."

Ya kasa ɗaga kai. Ta ce za ta ba shi yarinyar, amma duk shekara, ranar tunawa da tattakin, shi zai tura ta su haye gadar.

Aka ɗaura aure a cocinsu, suka tsallake tsintsiya tare bisa al'adar aurensu. Desmond ne ya fi kowa tafi, da tabonsa a leɓe. Kaka ta dafa kansu ta roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu sanyin zuciya, ba irin ubansu ba.

Sai dai darakta bai cire dukan daga fim ba. Ya ce duk fim ɗin babu inda ya fi shi kama da gaske, ya sa hoton a allon talla. Yanzu duk shekara Cleon, jikan wanda aka doka a gadar, yana tura keken Kaka a kan gada, Arnetta tana riƙe da hannunsa, baƙi suna nuna shi suna cewa ga ɗan sandan nan.