Indararon Gidan Dimeji

Ruwan la'asar bai gama ɗaukewa ba, Abeke ta buga ƙofar sabon maƙwabcinsu a garin Iwo, zaninta sharkaf.

"Kai ne ka sa indararon nan na baya?"

Dimeji ya kalle ta, ya ji kamar ya san ta tun fil'azal. Sakaran har da washe baki. "Ni ne, da hannuna. Ya yi kyau, ko?"

"Zo ka ga kyansa."

Mu a garinmu cikin gida muke binne namu. Ta zaga da shi bayan katangarsu, sai ga kabarin mahaifiyarta, ruwan kwanonsa na kwarara a kai shaa. Simintin ya tsage, ƙasa ta zaizaye har ta yi rami a gefe.

Wayyo! Dimeji ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya kwanta rub-da-ciki gaban Baban Abeke cikin taɓo, yadda muke ba manya haƙuri, tsohon ko kallonsa bai yi ba.

Washegari ya ɓalle indararon, ya juya shi wajen titi. Daga ranar kuma ya daina bi ta ƙofarsu, sai ya zagaya ta bayan masallaci kamar ɓarawon akuya. Sati biyu, sai ga saƙo a wayarsa:

"Ruwa na ce ya daina zuwa, ba kai ba. Abeke."

Ya rubuta ya goge ya fi sau biyar. "Da wane ido zan kalle ki, Abekena?"

"Da waɗanda ka manta ka leƙa katanga da su."

Soyayya dai ta kama kamar wasa. Amma da manyansa suka je tambaya, Baba ya ce atafau. "Wanda ya jiƙe min mata a makwancinta? Ga ɗan ƙanwata mai kantin magani yana jira."

Kuma abin kunya bai ƙare ba. Da aka sake tafka ruwa, ruwan da ya kora titi ya biyo gindin katanga ya koma wajen kabarin.

"Na haƙura, Abeke," ya ce, kansa a ƙasa. "Sau biyu fa."

"Ka haƙura da ni, ko da ruwan? Ɗauki shebur, malam."

Ya haɗa bututu daga kwano har ƙasa, ya haƙa hanya mai gangara zuwa babbar kwata, ya shafe ta da siminti. Duk ranar da hadari ya haɗo, yana nan gindin katanga ba lema, yana bin ruwan da ido. Baba na hangensa ta taga.

Ranar da aka yi ruwan da ya fi kowanne a daminar, tsohon ya fito ya duba. Ko ɗigo bai gangaro daga maƙwabta ba. Ya aika a kira Dimeji, ya shigo yana rawar sanyi, zai sake kwanciya.

"Tashi, ni ka gaishe ni ya isa," in ji Baba. Ya nuna kabarin da sandarsa. "Je ka yi wa surukarka addu'a."

Dimeji ya durƙusa, kuka ya ƙwace masa. Abeke ta rufe fuska da mayafi, ita ma tana yi.

Bayan girbin doya aka ɗaura aure, aka ci amala, tuwon garin doya, har aka ture. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya kai haske kabarin Mama.